Liƙin Robar Injin Jirgi: Inda Ya Dace da Inda Bai Dace Ba

Gaisuwa ta musamman ga mutanen bakin ruwa, daga Yawuri da Warra a kan tafkin Kainji, zuwa Gaya ta Nijar, da Ibi a kan Binuwai, da Lagdo ta Kamaru, da Baga a bakin tafkin Cadi. Masunta, masu fito, kanikawa, sannunku da aiki. Yau maganarmu a kan wani ƙaramin abu ce. 'Yar roba ce da ke karyewa a jikin injin jirgin ruwa, irin injin nan da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Wani lokaci ba ta fi ɗan yatsa ba. Ta karye, mai jirgi ya tsaya yana shawara: a liƙe ta ne, ko a sayo sabuwa? Amsar da zan kare a yau ita ce wannan. Liƙi sana'a ce mai daraja, kuma yana da wurinsa. Amma kafin a liƙe kowace roba, akwai tambaya guda da ta wajaba: idan liƙin nan ya saki a tsakiyar ruwa, me zai faru? Ku riƙe tambayar nan, domin a kanta za mu gina komai.

Bari mu fara da dalilin da ya sa tambayar take da nauyi. Idan babur ya mutu a hanya, mai shi ya gangara gefen titi, ya tura shi zuwa wurin bakanike. Jirgi ba shi da gefen titi. Injin da ke bayansa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma sitiyarinsa, domin da shi ake juya kan jirgin. Da zarar ya mutu, jirgi ya zama na igiyar ruwa. Ruwa zai juya shi ya ba da gefe, kuma jirgin da ya ba igiyar ruwa gefe yana dab da kifewa, musamman in an cika shi da mutane da buhuna. Filafili biyu ba za su riƙe babban jirgin fito ba a lokacin da kogin Kwara ya cika ya batse. A watan Oktoba na 2022, lokacin babbar ambaliya, wani jirgi ya kife a yankin Ogbaru na jihar Anambara, mutane da dama suka rasu. Rahotanni sun ce injinsa ne ya mutu, ruwa ya kwashe shi ya buga da gada. Ba na cewa roba ce ta jawo wannan. Abin da nake nunawa shi ne, mutuwar inji a kan ruwa babbar magana ce, ko mene ne ya kashe shi. Kuma 'yar roba tana iya kashe inji.

To, me ya sa masu ƙera injin suke sa roba tun farko? Wasu suna ganin ha'inci ne, don abu ya yi saurin lalacewa a sayi wani. A gaskiya akwai hikima a ciki. Inji ne da ke rayuwa cikin danshi, kuma roba ba ta tsatsa. Ba ta da nauyi, ga shi injin nan a kafaɗa ake ɗaukarsa zuwa gida da yamma. Ba ta ɗaukar wutar lantarki. Shi ya sa idan ka buɗe murfin ƙaramin injin Yamaha, ko Suzuki, ko Tohatsu, ko irin na Sin da suka cika kasuwa, za ka ga roba a wurare da yawa. Ga murfin kansa. Ga mariƙin igiyar tayarwa. Ga 'yan kawunan da ke haɗa sandunan totur. Ga kofin tace mai. Ga bakin tiyon da ke zuwa daga tanki. Amma roba tana tsufa. Rana tana busar da ita har ta yi fari-fari ta riƙa karyewa da an taɓa. Zafin inji yana gasa ta. Jijjiga tana buɗe ƙaramin tsagu ya zama babba. Sau da yawa kuma hannunmu ne ke fasa ta, wajen ɗaure noti fiye da kima, ko banƙare murfi da sukurudireba.

Yanzu mu shiga rabe-raben. Kashi na farko, robobin da idan liƙinsu ya saki, jirgi zai ci gaba da tafiya lafiya. Murfin inji da ya tsage. Mariƙin da ake ɗaukar inji da shi. Kan abin jan cok. Mariƙin igiya. 'Yar marfin da ke rufe wayoyi. Waɗannan, jama'a, a liƙe su, ba tare da wata fargaba ba. Asarar kuɗi ce mutum ya sayi sabon murfi saboda tsagu mai tsawon taƙi. Barin tsagun a buɗe ma shi ne kuskure, domin ta nan feshin ruwa ke shiga ya jiƙa fulogi da wayoyi, har ya kai ga bakin kafireta. A irin wannan wuri mai liƙi ya fi mai shago amfani. Ku ji tambayar ta sake dawowa: in liƙin murfi ya saki a tsakiyar ruwa, me zai faru? Murfi zai riƙa kaɗawa, a ɗaure shi da igiya, a isa gida. Shi ke nan. To wannan a liƙe.

Sai dai liƙin ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Robobi iri-iri ne, ko da kamanninsu ɗaya. Juya abin da ya karye ka duba cikinsa. Sau da yawa za ka ga haruffa a jiki, kamar PP, ko PE, ko ABS, ko PA. Sunan irin robar ke nan. Mai PP da mai PE suna da santsi kamar kakin zuma, gam ba ya kama su. Ka ɗiga musu sufa gulu, ya bushe, ka ɗauka ya kama, kwana biyu ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Su narka su ake yi. In babu haruffa, ga gwaji mai sauƙi. Yanki ɗan ɓarɓashi daga wurin da ba a gani, ka jefa cikin kofin ruwa. In ya yi yawo a sama, galibi dangin PP ne ko PE. In ya nutse, wani iri ne. Ga gwaji na biyu. Taɓa bakin ƙarfe mai zafi a wani lungu na ciki. In wurin ya yi laushi ya narke, za a iya yi masa liƙin wuta. In ya ƙone ya yi gari bai narke ba, to irin murfin nan ne mai zaren gilashi, maganinsa gam mai haɗi biyu irin Araldite, tare da ƙyallen zaren gilashi.

Ga yadda gwanin liƙi yake yi. Da fari ya cire abin daga jikin inji, ya yi nesa da tanki da jarkar mai. Ba a kawo wuta kusa da fetur, ko da wasa. Ya wanke shi da omo har maiƙo ya fita, ya shanya ya bushe sarai, domin maiƙo shi ne babban abokin gabar liƙi. Sai ya nemi ƙarshen tsagun, ya huda ɗan ƙaramin rami a daidai wurin. Ramin nan ne ke hana tsagun ci gaba da gudu. Daga nan ya kankare bakin tsagun ta ciki ya yi masa kwari. Ya haɗa ɓangarorin biyu, ya ɗiɗɗiga musu zafi wuri-wuri don su tsaya. Sannan ya kawo 'yar siririyar roba irin ta abin da ya karye, ya narka ta cikin kwarin, yana narka gefe da gefen tare da ita har su zama jiki ɗaya. Irin ta abin, na ce. In ka narka robar bokiti a kan wata irin roba daban, za ta kwanta a sama ne kawai, ba ta shiga ba. Wurin da ke ɗaukar nauyi kuwa, ya nutsa 'yar raga ko waya marar tsatsa a cikin narkakkiyar robar. Ya bar ta ta huce da kanta, ban da tsoma ta a ruwa. Zafin ma da sauƙi-sauƙi. In roba ta yi baƙi tana hayaƙi, ta ƙone, ƙarfinta ya tafi. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, don hayaƙin wasu robobin yana da illa ga ido da ƙirji. In kuwa gam mai haɗi biyu ne, a goge wurin da samfefa ya yi kaushi, a gauraya shi daidai, a ba shi kwana guda cur kafin a taɓa.

To, masu saurare, mu juya zuwa kashi na biyu, wanda shi ne zuciyar wannan sharhi. Akwai robobin da ba a yi musu liƙi a dogara da shi. Na farko, duk wadda fetur ke bi ta cikinta. Ɗauki bakin tiyon mai, inda ake maƙala shi a jikin inji. Idan ya tsage, abu biyu ne. Ko ya riƙa zuƙar iska, inji ya tashi lafiya a bakin gaɓa, amma da an buɗe totur a tsakiyar kogi sai ya shaƙe ya mutu. Ko kuma ya riƙa ɗigar da mai a cikin jirgi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasan jirgi, yana jiran wanda zai kunna sigari. Kuma fetur yana cin yawancin gam da muke samu a kasuwa, sannu a hankali, ta inda ido ba ya gani. Haka kofin tace mai. Haka 'yar robar nan da ke yawo a kan mai cikin kafireta. Aikinta ta taso in mai ya cika, ta tura allura ta rufe hanya. In ta fashe ta sha mai, sai ta nutse, mai ya yi ta kwarara. In ka shafa mata gam, ka ƙara mata nauyi, ma'aunin mai ya ɓaci. Wannan ba ta liƙi ba ce, ta canji ce.

Na biyu, gidan famfon ruwa. A can ƙasa, saman akwatin giya, akwai wata 'yar farfela ta roba mai laushi da ke tura ruwa ya zagaya ya sanyaya inji. A injuna da yawa gidan da take juyawa a ciki na roba ne mai tauri, da kofin ƙarfe a cikinsa. In aka tayar da inji a tudu babu ruwa, ko yashi da ciyawa suka toshe mashigar ruwan, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci farfelar ta ƙone, gidan ya narke ya karkace. Alamarsa, siririn ruwan nan da inji ke tsartarwa ta baya ya yi rauni ko ya ɗauke. Gidan da ya karkace ba ya komawa daidai da ƙarfen liƙi. In aka lallaɓa shi aka mayar, inji zai yi zafi, fistan ya kama, a yi asarar inji gaba ɗaya saboda tsimin kuɗin abu ɗaya. Na uku, 'yan kawunan sandar totur da ta giya. In ɗaya ya saki ana tunkarar mashigi, mai jirgi zai rage wuta inji ya ƙi ragewa, ko ya nemi baya giya ta ƙi shiga, ga mata da yara tsaye a bakin ruwa. Na huɗu, 'yar robar nan mai jar igiya da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe inji in mai tuƙi ya faɗa ruwa. Da yawa in ta karye sai su cusa tsinke ko su ɗaure wurin da waya. Ranar da mai tuƙi ya zame, jirgi zai ci gaba da gudu ba kowa a kansa, farfela tana juyawa. Ku sake jin tambayar: in liƙin ya saki a tsakiyar ruwa, me zai faru? A waɗannan wurare huɗu amsar ba ta da daɗin ji. Saboda haka a canza.

Na san akwai mai saurare da yanzu yake cewa, Malam, kana magana ne kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Masunci yana sayen fetur da tsada, ya haɗa da man inji, kifi kuma ba kullum ba. Ba na raina wannan uzuri. Amma a duba lissafin da kyau. Robobin da na ce a canza su ne mafi araha a jikin inji. Wanda na ce a liƙe, wato murfi, shi ne mai tsada. Ke nan shawarar nan tana tsimin kuɗi ne inda kuɗin yake da yawa, tana kashewa inda yake kaɗan. Kuɗin bakin tiyo ba ya kai kuɗin man fita ɗaya mai nisa. Kuɗin gidan famfo kuwa ba a haɗa shi da kuɗin buɗe injin da ya kama. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan ruwa, araha tana iya cin jari dungurungum.

Wani kuma zai ce, ko da kuɗin a hannu, ina kayan? Ƙauyenmu yana tsibiri, sai an yi tafiyar yini kafin a kai shago, in an je ma jabu za a ba ka. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi. Amma tana da magani. Masu jirgi a mashigi ɗaya galibi iri ɗaya ko biyu na inji suke amfani da shi. Ƙungiyarsu, ƙarƙashin Sarkin Ruwa ko shugaban masu fito, za ta iya yin karo-karo ta ajiye akwati guda: bakin tiyo, farfelar famfo, kawunan totur, robar kashe inji, fulogi. Wanda ya ɗauka ya biya a mayar da gurbi. Sannan mataccen inji ma'ajiya ce. Robar asali da aka ciro daga tsohon inji, in ba ta tsage ba, ta fi sabuwar jabu. Mai zuwa saye kuma ya tafi da karyayyen a aljihu, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin injinsa da waya, don kada a ba shi mai kama da shi.

Ga mai cewa, ai mun shekara da shekaru muna liƙewa, ba abin da ya faru, kuma abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, rai da ajali a hannun Allah suke. Amma addininmu bai hana ɗaukar sababi ba, ya ma yi umarni da shi. Mai fito kuwa amana ce a cikin jirginsa. Fasinjan da ya biya kuɗi ya zauna bai buɗe murfi ya ga gam ba. Ya yarda da kai ne kawai. Kuma liƙin da ya riƙe a ranar da ruwa yake kwance bai ba da shaidar abin da zai yi ba ranar iska, lokacin da aka buɗe totur har ƙarshe, inji yana rawa. A irin ranar ne liƙi ke saki, ranar da aka fi bukatarsa.

Akwai kuma mai dabara da zai ce, to a kai wa maƙeri ya ƙera na ƙarfe, a huta. Wani wurin hakan yana yi, kamar mariƙi ko maƙalin murfi. Amma a yi hattara. Wasu abubuwan da gangan aka yi su da rauni, don su karye su ceci na gaba da su. Misali, a ƙananan injuna da yawa akwai ɗan fil da ke riƙe farfela. In farfela ta bugi kututture ko dutse, shi ne ke karyewa. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa mai tauri, ranar da ya bugi kututture, haƙoran giya ne za su karye. Tafkin Kainji kuwa, da aka tare ruwansa a 1968, har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. Kafin a mai da roba ƙarfe, a tambayi bakanike wane abu ne zai karɓi dukan a madadinta.

Saura tambaya ɗaya, kuma mai muhimmanci. In abin ya karye a tsakiyar ruwa fa, ina shago, ina maƙeri? A nan duk dabara halal ce. A ɗaure da robar tayar keke. A naɗe da waya. In tiyo ya tsage kusa da baki, a yanke wurin a sake cusawa. In 'yar robar da ke kama igiyar tayarwa ta karye, a kwance gidan igiyar, a naɗa wata igiya a kan faifan da ke saman inji, a ja, bayan an tabbatar giya tana firi, a kuma kawar da hannu da riga daga faifan. Shi ya sa bai kamata jirgi ya tashi ba sai da 'yar jakar waya, filaya, igiya da fulogi, ga filafili da rigunan kariya. Amma dabarar tsakiyar ruwa ta kai ka gaɓa ce kawai. Matsalarmu ita ce, wayar da aka ɗaura don a isa gida sai ta shekara a wurin. An isa lafiya, an manta. To in an iso, a kwance, a canza, kafin a sake ɗaukar ko mutum ɗaya.

Jama'a masu saurare, mu tattara. Robar da in ta saki za ka isa gida, liƙe ta, ka liƙe ta da kyau: ka san irinta, ka wanke, ka narka da irinta. Robar da ke riƙe mai, ko ruwan sanyaya inji, ko totur da giya, ko kashe inji, canza ta. Malam bakanike, kai ne idon mai jirgi. In an kawo maka abin da bai kamata a liƙe ba, faɗa masa gaskiya ko da zai ji haushi. Malam mai jirgi, gobe da asuba kafin ka ɗauki fasinja, buɗe murfi ka duba. Shinshina ko akwai warin mai. Tayar da inji a cikin ruwa ka ga ko yana tsartar da ruwansa. Shugabannin mashigi, a kafa akwatin kayan gyara tun kafin ruwa ya cika. Ku kuma fasinjoji, in kun ga mai yana ɗiga, ku yi magana, haƙƙinku ne. Allah ya tsare mana masu shiga ruwa, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya.